Inna Ta Koyi Sunan Soja, Nawa Kuwa Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Assalamu alaikum Hajiya Bilkisu. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Talata, domin na fara aikata abin da ni kaina nake jin kunyarsa, kuma ban san yadda zan tsaya ba. Ki sakaya sunana.

Ni direba ne, shekarata talatin da bakwai, da mata da 'ya'ya huɗu. Golf nake ja daga tashar Kaura Namoda zuwa Shinkafi, wani lokaci Zurmi in can fasinja ya fi. Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kin kuwa san yadda abin yake a wurinmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena su kira yayansu, in babu kowa a kusa ta yi ta gyaran murya har in waiwayo. Ina yaro in na faɗi na fasa baki kakata ke lallashina, Inna kuwa ta ci gaba da tankaɗenta kamar ɗan maƙwabta ne ya faɗi. Wallahi ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Har alfahari nake yi a tasha cewa tsohuwata ta gargajiya ce, mai kunya.

Bara da damina, ranar kasuwar Shinkafi, muna tafe a ayari sojoji na yi mana rakiya, ɓarayin daji suka buɗe mana wuta a wata kwana. Motata ce ta uku. Gilashi ya tarwatse ya yanke ni a damtse, sai da aka yi mini ɗinki bakwai. Sojojin nan suka tsaya suka tare su har muka samu muka juya da fasinjojinmu. A cikinsu akwai wani kofur, Cornelius, mutumin kudu ne, harsashi ya fasa masa ƙashi dab da gwiwa. Ya yi wata biyar a asibitin sojoji a Kaduna, sannan ya dawo Kaura jinya, saboda matarsa Praise tana koyarwa a wata makaranta a nan, kuma a bayan layinmu suke haya.

Ranar da na shigo gida da jini a riga, Inna ta dubi hannun sau ɗaya, ta ce wa matata ta ɗora ruwan zafi, ta shige ɗaki. Shi ke nan abin da na samu.

Da ma ita da matan unguwarmu kan yi wa sojojin da ke shingen hanyar Zurmi abinci duk Juma'a, ni ne ma mai kai kulolin a but ɗin motata, kuma da zuciya ɗaya nake kaiwa. Da ta ji Cornelius ya dawo, ta yafa mayafi ta tafi dubiya. Na ce madalla. Ashe dubiyar ba mai ƙarewa ba ce. Praise na fita makaranta da safe Inna na shiga da kunun gyaɗa. Da rana romon ƙafar saniya, wai yana haɗa ƙashi. Tuwon dawa da miyar sure da man shanu, mutumin da da bai san ɗanɗanonsu ba yanzu har tambaya yake. Duk wannan bai dame ni ba, abinci ne, kuma ya cancanta.

Sunan ne ya kashe ni, Hajiya. Sunan nan mai wuyar faɗa, Inna ta zaunar da ƙanwata Nabila kwana biyu tana maimaita mata har ta kama. Kwaniliyas take cewa, shi kuwa ya amsa da Mama. Nawa sunan da ko jariri zai iya faɗa, shekara talatin da bakwai yana jiran ta.

Duk Talata akan kai shi Gusau gashin ƙashi. Motar barikinsu ba kullum take samuwa ba saboda aiki ya yi musu yawa, ni na ce zan riƙa kai shi, babu wanda ya tilasta mini. Ya kwantar da kujerar gaba ya miƙe ƙafa, Inna a bayansa riƙe da matashi da fifita. Wata Talata na ƙirga, daga Kaura zuwa Gusau sau goma sha huɗu ta kira shi. Ya sha ruwa, ya gyara ƙafa, ko rana na dukansa. Ni kuwa in na faɗa rami sai ta ce wa iska ya kamata mai mota ya rage gudu. Mai mota! Ni ne mai mota.

Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Mutumin kirki ne, da 'yar Hausarsa ta bariki, kullum yana godiya, yana ce mini ɗan'uwa, yana tambayar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa ina dariyar yaƙe.

Ranar da ya fara tsayawa da sanduna ya yi taku huɗu a tsakar gidansu, ina wurin. Inna ta rangaɗa guɗa, ta fashe da kuka, ta dafa kansa da hannu biyu tana sa masa albarka. Na yi aure, na sayi mota da gumina, an raɗa wa 'ya'yana suna har sau huɗu, ban taɓa ganin hawayenta a kaina ba, ban taɓa jin tafin hannunta a kaina ba. Na fita na zauna a mota na kulle gilashi. Kishi nake, Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Ƙato da ni, da furfura a gemu, ina kishin mutumin da ba ya iya zuwa bayi sai an riƙe shi.

To ga abin da na yi. Talata biyu ke nan ina cewa giyar mota ta lalace. Nakan fita da ita tun da sassafe in yi lodin Zurmi don kada a gan ni. Makon farko bai je ba. Mako na biyu Inna ta ɗauko shi a keke napep har tasha, aka yi ta fama a sa shi a motar haya, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, fasinjoji suna ƙorafi, suka koma gida. Abokina Muhtari ne ya ba ni labari, yana kallona irin kallon da na gane ya san motata lafiyarta lau. Shekaranjiya Praise ta zo wajen matata tana kuka, ta ce likita ya gargaɗe su tun farko cewa in ana tsallake gashin nan gwiwar za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan. Shi kuwa duk burinsa ya koma bakin aiki ko da a ofis ne.

Inna dai ta aiko matata ta tambaya ko motar ta samu sauƙi.

Yanzu me zan yi? In samu Inna in ce ta rage zuwa gidan nan? In nemo wani direba in zare hannuna gaba ɗaya, tunda zuciyata ta ƙi? Ko kuwa ni ne ba ni da lafiya? Ina son mutumin nan ya warke, Allah ya sani, amma in na tuna zan sake zama awa guda ina jin sunansa a bakinta sai in ji ba zan iya tada motar ba.

Naki,
Ɗan Fari, daga Kaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Fari. Lafiyarka lau, kuma na gode da ka faɗi sunan ciwon da bakinka, domin maza da yawa da sun ce mai ne ya yi tsada. Amma ka haɗa abu biyu a buhu ɗaya, bari mu raba su. Akwai abin da ke tsakaninka da Inna, akwai ƙafar bawan Allah. Ka ji haushin ɗaya ka huce a kan ɗaya, kuma wanda ka huce a kansa bai san ma ana yi ba.

Ranar Talata ka kai shi Gusau. Wannan ba sai ka yi shawara da zuciyarka ba. Kafin nan ka je gidansa kai kaɗai, lokacin da Inna ba ta nan, ka ce masa motarka ba ta lalace ba, wata damuwa ce taka ta kanka, ya yafe maka. Ba dole ka zazzage masa komai ba, amma kada ka bar ƙaryar nan tana zaune a tsakaninku. In kun isa asibiti ka shiga tare da shi, ka faɗa wa mai gashin cewa an tsallake mako biyu, ka tambaya ko akwai yadda za a cike gurbin, ka kuma koyi motsa ƙafar da ake so a riƙa yi a gida.

Kuskure ne tun farko a ce tafiyar mutum ta rataya a wuyan direba ɗaya. Ka ga shugaban tasharku, a samu mutum uku ko huɗu cikin waɗanda suke ayarin nan ranar, Muhtari ma ya shigo, a riƙa karɓa-karɓa. Su ma rayukansu aka tsare. Haka nan akwai hidimar da Inna ba za ta iya ba kome sonta: kai shi wajen mai aski, tallafa masa wajen wanka, fito da shi majalisa ya ji hirar maza, sauke shi a cocinsu ran Lahadi, raka shi in ana bin takardunsa. Sojan da ya ji rauni yakan fi jin zafin a manta da shi fiye da zafin ƙafar. Abincin Juma'a kuma ku ci gaba, sai dai ku riƙa neman izinin babbansu, kada a ɗauki hoto, kada a yi hirar inda suke ko lokacin tashinsu a tasha. Masu ƙoshin lafiya a cikinku su ba da jini in an nema.

Yanzu maganar Inna. Ba zan ce maka ba ka da gaskiya ba. Kunyar ɗan fari al'ada ce, ba farilla ba, kuma tana ciwo, ko da mun saba yin kamar ba ta yi. Ni ma ina da ɗan fari, ya girme ka, kuma ko yanzu da na so in rubuta sunansa a nan hannuna ya ƙi. Ranar da aka yi masa aiki a asibiti ƙanwata ce ta zauna a gefen gadonsa, ni ina waje a kan benci, duk wanda ya fito in bi shi da ido, ban iya tambaya ba. Har yau yana tsammanin ban damu ba. Ka ce ranar da ka shigo da jini Inna ta shige ɗaki. Kai ka ga shigarta, ba ka ga abin da ta yi a ciki ba.

Ba zan rantse a kan zuciyar matar da ban sani ba. Amma sojoji nawa ne a Kaura, me ya sa sai wannan? Shi ne ya tsaya a gaban bindiga har ɗanta ya juya motarsa. Ba ta da bakin da za ta ce maka ta gode wa Allah da ka dawo, sai ta tafi inda al'ada ba ta ɗaure mata harshe ba. Ni haka na karanta wasiƙarka. In ka hana ta zuwa gidan nan, ka toshe mata ƙofa ɗaya da ta samu, kuma ba za ta dawo ta kira sunanka don haka ba.

Abin da za ka iya shi ne ka nema, a hankali. Kada ka kai mata ƙorafi, kada ka ambaci Cornelius. Wata safiya kafin ka fita lodi ka durƙusa a gabanta, ka cire hula, ka ce hanya ta ɓaci, kana so ta dafa kanka ta yi maka addu'a. In nauyin bakin ya yi maka yawa, Nabila ta share maka hanya. Mai yiwuwa ta yi, mai yiwuwa ta kawar da kai ta ce Allah ya tsare. In ta kawar, ka sake komawa wani makon. Sunan kuwa kada ka sa rai, wataƙila har ta koma ga Allah ba za ka ji shi ba, kuma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu.

Ka yi shekara talatin da bakwai kana jiran Inna, za ka iya ƙara wasu ba abin da zai same ka. Gwiwar Cornelius makonni kaɗan suka rage mata. In ta sandare saboda kai, duk ranar da ka gan shi yana jan ƙafa a layinku kai kaɗai za ka san dalili, kuma babu albarkar da za ta goge maka wannan. Ka duba mai da taya tun ranar Litinin.

Allah ya ba shi lafiya, ya tsare ku a hanya da ku da masu tsaronku, ya sanyaya maka zuciya, ya ja da ran Inna.

Hajiya Bilkisu