Gishiri a Gindin Lemo

Zuwa ga Malamar Ruwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Auta da jego, yaya jaririya, yaya bayanki da raino? Ki gaishe da surukinmu, ki gaya masa na ga hoton, hancin nan nawa ne, kada ya wahalar da kansa da musu. Kin ce in riƙa kira, amma kin san kunnena da waya ba sa ga maciji, ina ta "na'am, na'am" har ki gaji ki kashe. Gara in rubuta.

Amanar da kika bar mini tana nan ƙalau. Lemon Inna ya yi fure har ya fara 'ya'ya, ƙudan zuma sun hana ni sakat a ƙarƙashinsa. Kullum da safe ina ba shi ruwa kamar yadda kika yi ta nanatawa har mota ta tashi. Ban manta ba, tun da aka rushe gidan Inna aka yi shaguna, wannan bishiyar ce kaɗai shukar hannunta da ta rage miki. Ɗan dashen da kika tayar a tukunya don Auta shi ma ya ƙara ganye. Na san har yanzu kina jin haushina da na sauke shi daga mota na ce ƙasa za ta ɓata kujera. Ki yi haƙuri, ranar da zan zo ganin jika a cinyata zan riƙo shi.

Sai tafkin iyonki. Matan da kike koya wa suna zuwa, tsofaffin nan masu ciwon gwiwa suna ta tattakinsu a ruwa suna tambayarki. Injin da ke mayar da gishiri maganin tsabtace ruwa ne ya kunna jar fitila, wai gishiri ya yi ƙasa. Na tuna kin ce ko tari ya yi in kira Dogo mai gyara. Ni kuwa na ce haba, a taso mutum daga bakin kasuwa don kawai a zuba gishiri? Na farke buhu na juye. Fitilar ba ta mutu ba, na ƙara wani. Za ta mutu ne, inji bai fi ni taurin kai ba.

Naki,
wanda kike kira Sarkin Tsimi

Zuwa ga Malamar Ruwa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ji daɗi da kika ce jaririya ta fara gane muryarki. Allah ya raya ta.

To, inji ya fi ni taurin kai. Gishirin da kika tara a ɗakin famfo duk na juye shi, fitilar nan tana nan ja, ruwa kuma ya fara dishi-dishi har ya koma kore shar. Matanki suka zo da tawul a kafaɗa, suka leƙa, suka juya. Babbar cikinsu, mai sandar nan, kallona kawai ta yi, wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar na kira Dogo, ina jin kunya kamar in nutse.

Ya zo ya ɗebi ruwa ya auna, ya ce gishirin ya ninka yadda ake so. Na ɗanɗana da yatsa na tofar. Ruwan nan da kike cewa ɗanɗanonsa bai wuce na hawaye ba, ya zama miyar da hannu ya suɓuce. Ashe ba gishiri ne ya yi ƙasa ba. Kwalbar nan ta roba da ke jikin bututu, mai farantan ƙarfe a ciki, wadda suke kira sel, ita ce ta tsufa. In ta gaji sai ta daina jin gishirin, ta riƙa kukan babu alhali yana nan jingim. Dogo ya ce shi ma farkon aikinsa ya taɓa faɗawa wannan ramin, ban sani ba ko don ya sanyaya mini rai ya faɗa.

Ya kashe wuta, ya rufe ruwa ta ɓangare biyu, ya kwance kwalbar. Farantan sun yi farin ƙanzo irin na cikin tsohuwar butar shayi. Muka jiƙa ta a ruwan asid da aka sirka, tana ta kumfa, muka ɗauraye muka mayar. Fitila ta sake kamawa. Ya sake kwance kwalbar ya ɗaga ta a rana ya nuna mini inda baƙin fentin farantan ya cinye, ya ce wannan ba ta wanki ba ce, sai sabuwa. Ya aika a kawo. Da na bi maganarki tun farko, da matan nan ba su rasa ruwansu ba.

Kafin sabuwar ta iso sai an zubar da rabin ruwan a cika da na famfo, don gishiri ba ya fita sai da ruwansa. Dogo ya ja tiyo ya saka a kwata, ya tafi wani aikin. Na tsaya ina kallon ruwa yana kwarara a banza, raina ya ƙi. Ke da ko ruwan wankin shinkafa ba kya zubarwa sai a gindin lemo! Sai na janyo tiyon na kai masa, ya sha har ƙasa ta yi laushi ta kwanta. Ruwan da ya yi kore ai taki ne, gishirin kuma na abinci ne da muke ci kullum. Ɗan dashen Auta ma na ɗebo masa a bokiti. Ko ba komai, ɓarnar da na yi ta amfani wani.

Naki,
Sarkin Tsimi

Zuwa ga matata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Auta da mijinta da jikata, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso. Na ga inda kika rubuta da manyan baƙaƙe cewa in cire tiyon nan maza, in yi ta kwarara wa bishiyar ruwan famfo. Kin yi gaskiya, amma kafin takardarki ta zo aikin gama ya gama.

Da farko bakin ganyen ne ya ƙone, na ce rana ce. Sai ganyen ya naɗe, ya fara zuba da korensa, 'ya'yan suka bi shi ƙasa tun ba su gama nuna ba. Da ƙasar gindin ta bushe na ga ta yi fari-fari, na taɓa na kai baki. Gishiri ne zalla, a nan na zauna a ƙasa. Na kira Dogo, ya zo ya tarar da tiyo inda na bar shi, ya cire hula ya riƙe kai. Ya ce laifinsa ne da bai gaya mini dalilin kai shi kwata ba. Na ce a'a, shi ya ajiye shi daidai, ni na ɗauke.

Babu abin da ban yi ba. Na buɗe famfo a gindin bishiyar na bar shi yana zuba, ni da nake bin ki ina kashe famfo in kina wanke-wanke. Na kwashe ƙasar sama na kawo sabuwa. Na ɗauko mai sayar da furanni na bakin titi, ya kankare ɓawon reshe da farce, ya gangara har gindi yana neman kore bai samu ba. Ɗan dashen Auta shi ya riga tafiya, tukunya ba ta da inda gishiri zai gudu. Da na bar ki kin tafi da shi, da yanzu yana can yana girma. Kujerar motar da na tsare tana nan fes, kullum in na buɗe ƙofa sai na gan ta.

Sabuwar kwalbar ta zo. Dogo ya saka mata sabon zoben roba, ya duba kibiyar da ke nuna inda ruwa ke bi, ya ɗaure da hannu, ya haɗa waya ya kunna. Fitila ta yi kore nan take. Ruwan ya yi garau, har tayil ɗin ƙasa ana gani. Matanki sun dawo. Sai dai in sun fito babu inuwar da za su zauna su sha iska, suna tsayawa a rana da tawul a ka. Mai sandar nan ta tambaye ni ko kin sani, na ce ina rubuta miki.

Ban sare bishiyar ba, ba zan taɓa ta ba sai kin dawo kin gani da idonki. Na san ba itace kika rasa ba. Na sha ganinki kina tsinkar lemo kina magana ƙasa-ƙasa, ban taɓa tambayarki da wa kike yi ba, don na sani. Ni na raba ki da wannan, kuma abin yana cina. Ba na ce ki yafe mini yanzu ba.

Cikin 'ya'yan da suka zuba na tsince waɗanda suka ɗan ƙosa, na yanka na cire irin, na wanke na shanya a inuwa. Mai furanni ya ce wataƙila su tsiro, wataƙila a'a, bai yi mini alkawari ba. Suna cikin ƙullin auduga a ambulan ɗin nan. Ki shuka su can gidan Auta da hannunki, ƙasar nan tamu ta ɓaci, hannuna kuma ban yarda da shi ba. Na so in rage ko biyu in ajiye saboda halin ko-ta-kwana, kin san ni. Ban rage ba, duka na aiko miki.

Ki shafa mini kan jikata.

Mijinki