Ba Zan Dawo Ba Tukuna, Baba

Daga bakin kogin Winnipeg, Kanada

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? An gama dashen shinkafa?

Ni lafiya lau. Sanyi ne dai ke farfasa mini hannu, kuma kwanan baya kwalekwalenmu ya kife, amma kusa da gaɓa ne. Kada Mama ta ji.

Saƙon Kawu Hushang ya iso, wai, "'Yar masunci ta tsallaka teku don ta yi wa kifi allura? Ta dawo gida!" Ka ce masa ina gaishe shi, kuma ba inda za ni.

Ni da abokan bincikena, tasmahi na kogi muke kamawa, babban kifin nan mai dogon baki, mu ɗebi jini kaɗan, mu sake shi. Sai an san yadda jinin lafiyayye yake kafin a gane marar lafiya. Namu na kogin Sefidrud a gabanka ya yi ta mutuwa, kana juya gawarsa kana tambayar me ya same shi, ba mai amsa maka. Sai na samo amsar zan dawo.

A aiko mini da tafarnuwa mai tsami. Allah ya bar mana ku.

'Yarka,
Golnar