Kulocin Motar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Motar Baba ta sake zama a gareji. Kuloci kuma. Ko wata biyar ba a yi ba da na biya aka sa sabo. Gajere, bakaniken nan mai ido kamar na ɓera, ya ce sai ya sauke giya kafin ya san kuɗin. Na san wannan wasan: in giya ta sauka ƙasa, mota ta zama tasa, ko ka gyara ko ba ka gyara ba sai ka biya kuɗin mayarwa. Yau a ƙafa na kai yara makaranta, na makara wurin aiki. Da ma Baba ke kai min su.

Talata, 4 ga Maris
Ya sauke. Ya ce farantin kuloci ya ƙone, boris ma ya tafi, ga kuɗin aiki. Jimilla ta cinye rabin albashina har da ɗori. Na ce, "Malam, jabu ka sa mana wancan karon, ka ji tsoron Allah." Ya ci gaba da goge hannu da tsumma, wai, "Hajiya, kayana masu kyau ne." Na ce to me ya ƙone shi? Sai ya kalli Baba. Baba kuwa yana can yana leƙen tayar wata mota kamar shi aka ba aikinta. Shekarunsa nawa yana jan babbar mota, amma a gaban wannan ɓarawo ya kasa cewa uffan. Haushi kamar in fashe.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tambayi gareji biyu. Kuɗin kusan ɗaya ne. Duk bakinsu ɗaya, 'yan damfara.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya kira, wai a sayar da motar kowa ya huta. Shi da ko man inji bai taɓa saya ba. Baba na tsakar gida, ya ji komai. Bai ci abincin rana ba. Mama ta ce tun da ya bar aiki motar nan ce kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki.

Litinin, 10 ga Maris
Na biya. Na ƙirga wa Gajere a kan bonet, ban gaishe shi ba. Ko ragin kwabo bai yi ba, matsiyaci. Da zan tafi ya ce, "Ki raka Baba gida, ki zauna a gaba." Shi ne zai gaya min inda zan zauna a motar ubana?

Na dai zauna.

Wajen hawan nan na kusa da gidan mai, na ji ƙauri. Na duba ƙasa. Ƙafar Baba ta hagu tana kan kuloci, tana rawa, ba ta ɗaguwa duka. Da zai sa giya sai ya saki sitiyari ya kama gwiwarsa da hannu ya ɗaga ta. Ya yi shi da sauri, kamar wanda ya saba. Ya ga na gani.

A haka yake kai min yara tun yaushe?

Talata, 11 ga Maris
Ban bar yara sun shiga motar ba. Na ce wa Baba ai tafiyar ƙafa lafiya ce. Ya ce, "Haka ne, uwata." Ya koma ya zauna da makulli a hannu. Na tsani Gajere. Ya sani tun wancan karon, ya karɓi kuɗina ya rufe baki. Wataƙila Baba ne ya roƙe shi. Ko da haka ne.

Alhamis, 13 ga Maris
Na yi wa Baba maganar asibiti, ya ce sanyi ne kawai. Mun tafi dai, a tasi. Yaya ya ce a ƙwace makulli. Ya zo ya ƙwata da kansa mana.

Asabar, 15 ga Maris
Da safe na ce, "Baba, kuɗin nan da na zuba ba zai tafi a banza ba. Koya min tuƙi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo makullin ya zagaya ɗaya kujerar. Sau uku motar ta mutu kafin mu fita layi. Mun wuce ta gaban gareji, Gajere ya ɗaga hannu. Ina jin na ɗaga nawa, ban sani ba, hankalina na kan titi.

Baba ya buga min gwiwa ya ce, "Ɗauke ƙafarki daga kan kuloci. Ba ki san tsadarsa ba ne?"