Goɗiyar da Aka Kashe a Ɗaki na Bakwai

Daga: Mai Kula da Barga, Sashen Dawakai

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi

Kwanan wata: 19 ga Agusta

Ranka ya daɗe,

Game da: Kashe goɗiya mai lafiya bisa kuskure, da barin doki mai cuta a cikin barga

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. Shekara ashirin da biyu ina aiki a wannan barga, ban taɓa rubuto wa ofishinka takarda ba. Wannan ma sai da na je sashen gwaji sau uku ana sallamata daga bakin ƙofa.

1. Ranar 2 ga Agusta, ma'aikatan gwaji suka ɗebi jinin dawakanmu goma sha biyu, saboda zargin wata cuta mai yaɗuwa wadda ba ta da magani. A jikin kowace kwalba lambar ɗaki suka rubuta, ba sunan doki ba. Na yi magana, likita ya ce haka aka saba. A ranar, Akawal, tsohon baƙin dokinmu, shi ne a ɗaki na bakwai.

2. Ranar 5 ga wata, rufin ɗaki na huɗu ya fara yoyo a kan Kili, farar goɗiya mai shayar da duƙushi ɗan wata biyu. Na wanke ɗaki na bakwai da magani, na mayar da ita can da ɗanta, na kai Akawal na huɗu na tara bokiti. Na rubuta canjin da alli a jikin ƙofa, na kuma faɗa wa mataimakin likita da baki, ya ce ya ji. Amma ban shigar a littafin barga ba. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba, kuma tun da na ga abin da ya jawo abinci ba ya yi mini daɗi.

3. Ranar 12 ga wata, ranar hutuna, sakamako ya fito cewa ɗaki na bakwai na ɗauke da cutar. Ba a kira ni ba, alhali lambar wayata na manne a ƙofar barga. Aka zo da allurar kisa. Mai shara ta shaida mini cewa ta tare su ta ce wannan fa mai shayarwa ce, ba ita aka sani a ɗakin ba, aka ce mata takarda ta fi ta sani. Ranka ya daɗe, wanda ya ɗebi jinin baƙin doki namiji, ya dawo bayan kwana goma ya tarar da farar goɗiya nono na ɗiga, ai ko bai karanta allin ba ya kamata hannunsa ya tsaya. Washegari na zo da dusa na tarar da ɗaki wayam, sai duƙushin a tsaye yana shinshinar ragamar uwarsa.

4. Kwana biyu duƙushin ya ƙi kwalbar madara. Matata ce ta zo ta riƙa jiƙa tsumma tana sa masa a baki har ya karɓa. Yanzu yana sha, amma ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje.

5. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Akawal. Tun ranar 14 majina ke zuba daga hancinsa, ƙarƙashin muƙamuƙinsa ya kumbura, yana tari. Na ware shi can baya da bokitinsa daban, iyakar abin da zan iya ke nan. Na kai rahoto, sashen gwaji ya ce an rufe fayil, dabbar da ke da cuta an riga an kawar da ita. Ga sauran dawakai goma a barga, ga duƙushin, kuma kafin na ware Akawal a kwami ɗaya suke shan ruwa.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta ya ba da umarni a buɗe fayil ɗin, a sake gwada jinin dawakan gaba ɗaya har da duƙushin cikin wannan mako. A riƙa rubuta sunan doki da kamanninsa a jikin kwalba. A gyara takardar Kili, a rubuta cewa lafiyarta ƙalau ta mutu. Duk hukuncin da aka ga ya dace da sakacina, na karɓa.

Na san abin da wannan takarda za ta jawo wa Akawal. A hannuna aka haife shi shekara goma sha shida da suka wuce, kuma kwana uku daftarin takardar nan na aljihuna na kasa miƙa ta. Idan gwaji ya tabbatar, alfarma ɗaya nake nema: kada a zo ranar hutuna. Yana tsoron allura, ba ya tsayawa sai in ni ne riƙe da ragamarsa.

Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya da basira.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(Sa hannu)
Mai Kula da Barga