Na Dawo Gida, An Fito Min Da Kwanon Baƙi

Anti Badi'a, don Allah ki taimaka min, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata ashirin da uku, daga wani ƙauye nake a yankin Kutama. Mu huɗu ne maza, gandu ɗaya muke nomawa da Baba. Farkon damina aka tura min wani fim a waya a kasuwar Gwarzo, labarin wani saurayi da kowa ke kira da sunan ubansa, har ya gaji, ya fita neman sanin ko shi wane ne in babu wannan sunan. A ƙarshe an nuna shi cikin mota, ya leƙo ta taga yana dariya. Sau tara na kalla. Ni ma a garinmu ba ni da suna, sai ɗan gidan Malam Dalhatu.

Ana tsakiyar noman farko na jingine fartanya na hau motar Kano, ban yi wa kowa sallama ba. Wata uku ina dako a kasuwa. Ban sha wuya sosai ba, daɗin ma ban ji ba. Can kuma ko sunan Baban babu, yafito ni ake yi da hannu.

Da na dawo na zaci za a yi min faɗa. Baba ya amsa gaisuwata, ya tambaye ni hanya, ya sa aka shimfiɗa min tabarma a zaure. Inna ta aiko min da tuwo a kwano mai murfi, wanda ake fito wa baƙi da shi. Yau kwana ashirin ke nan. 'Yan'uwana na ci a kwano ɗaya, ni ina gefe da nawa. Da safe su wuce gona, ba mai cewa in taso. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ba na jin komai, ba kunya, ba haushi. Jiya na sake kunna fim ɗin, kamar ina kallon bango. Anti, in koma Kano ne, ko in zauna a haka?

Wani ɗan Kutama

AMSA

Ƙanena, wanda ya shirya fim ɗin nan ya tsayar da shi a cikin mota saboda ba shi zai sauka ba. Kai ka sauka, ka ga sauran.

Son sanin kanka ba laifi ba ne, kuma ban ga aibun saurayi ya fita ya ga duniya ba. Amma ka tafi lokacin da gandu ya fi bukatar hannu, 'yan'uwanka uku suka yi noman mutum huɗu, Baba kuma ya yi ta amsa tambayar mutanen gari ba tare da ya san inda kake ba. Wannan karramawar da yake maka, fushi ce. Rashin jin komai da kake kuka da shi kuwa, ina ganin gajiya ce da kaɗaici. In ya daɗe, ka je asibiti ka faɗa.

Kada ka koma Kano yanzu. Girbi ya matso, gobe ka bi su gona ba tare da an kira ka ba. Sannan ka nemi baffanka ko limamin unguwa ya raka ka wajen Baba ka ba da haƙuri, banda kare kai. Bayan an kai amfani gida, in har yanzu tafiyar na ranka, ka nemi izini ka je cin rani.

Ka kuma shirya, faɗan wata uku yana nan a ajiye. Ranar da Baba ya ɗaga maka murya, ka sunkuyar da kai ka gode wa Allah, domin ba a yi wa baƙo faɗa.

Allah ya daidaita ku, ya yi maka albarka.