Tsaga Shida a Ƙotar Bindigar Baba

Malama Helvi,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa kai kukana jarida ba, amma idan na faɗa wa abokaina na ƙungiyar masu tara tsofaffin bindigogi a nan garin Kajaani, yankin Kainuu, na san amsarsu tun kafin su buɗe baki, don ni na koya wa yawancinsu.

Tun ina saurayi nake sayen bindigogin soja da aka daina aiki da su ina gyarawa. Ka'idata ɗaya ce: a cire tsatsa, a shafa mai, amma kada a taɓa tabon da ke jikin ƙota. Duk wanda ya sa samfefa ya goge katako ya yi sumul, mahauci nake kiransa, a gaban mutane kuwa. Matata Sirkka kan ce na fi tausayin katako a kan ɗan Adam. Da wasa take faɗa, amma kwanan nan maganar tana ci mini rai.

Ina da wa guda, Aulis, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Yana kwance a asibiti, likitoci sun ce da wuya ya ga narkewar ƙanƙarar tafki bana. A hannunsa bindigar Babanmu take, wadda Baba ya saya da kuɗinsa lokacin yana cikin 'yan sa-kai, ya tafi da ita yaƙin da ake kira Yaƙin Hunturu ya dawo da ita. Yaya Aulis yana so ya bar wa jikarsa Iiris, wadda ta sami lasisin farauta bara. Ya sa aka kawo mini ita in gyara, na yi murna ƙwarai. Da na je duba shi sai ya faɗi abin da yake so. A gindin ƙotar akwai tsaga shida a jere, da bakin wuƙa aka yi su. So yake in goge su.

Malama, in katako ya lotsa ne kawai, abu ne mai sauƙi. Jiƙaƙƙen tsumma ake ɗorawa a danna dutsen guga, tururi ya tashe shi ya koma yadda yake. Tsaga ba haka take ba, naman itacen ne ya tafi. Sai dai a cinye duk kewayenta da samfefa, kuma abin da aka cinye ya tafi ke nan.

Na ce masa ba wanda ya san ma'anarsu. Wataƙila gasar harbi Baba ya ci sau shida, ko naman daji ya ƙirga, ba mutane ba. Ya dube ni ya ce, "Kai dai ƙaramin yaro ne har gobe. Kai ka gāji son bindiga, ni na gāji mutumin da ya dawo da ita." Na ce tarihi ba namu ba ne mu kaɗai. Ya ce, "To kwashi tarihinka ka ba ni wuri." Ya juya fuska bango. Tun ranar ba ya ɗaukar wayata.

Gaskiya ni Baban da na sani tsoho ne mai shiru, mai saƙar raga, mai sa mini sukari a bakin kofinsa. Ban san wanda Aulis ya sani ba. Inna ta taɓa cewa shekarun farko bayan yaƙi ba a ajiye wuƙa a kan tebur a gidanmu, daga nan ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Amma waɗannan tsagogi su kaɗai ne abin da Baba ya rubuta da hannunsa game da abin da ya gani. Na ɗauki samfefa na ajiye ya fi a ƙirga. Hannuna ya ƙi.

Ga abin da zuciyata ke raya mini, ina kuma jin kunyarsa. Ina da wata ƙota ta shekarar da aka ƙera tamu, ba tabo ko ɗaya. Zan iya ɗaura ta, in ɓoye ta Baba, in ce masa na goge. Idonsa ya yi rauni, ba zai gane ba. Ya tafi da kwanciyar rai, tsagogin su tsira. Sirkka ta ce in na yi haka kada in sa ta cikin maganar. Ina tsoron ya rasu yana fushi da ni, ina kuma tsoron in yi masa ƙaryar ƙarshe. Yaya zan yi?

Mai goge tsatsa, daga Kainuu

*

Ya kai Mai goge tsatsa,

Sannu da wannan nauyi. Bari in fara da abin da ba ni da shakka a kansa: kada ka musanya ƙotar a ɓoye. Shi zai tafi, kai za ka zauna da abin, kuma ran da Iiris ta buɗe akwatinka ta ga ƙota mai tsaga shida, za ta san an yaudari kakanta a gadon mutuwa. Ba za ta gode maka ba.

Kana da gaskiya cewa abin da aka goge ba ya dawowa, kuma son da kake yi wa alamar hannun mahaifinka ba abin raini ba ne. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, nawa ne na Baba a cikin ƙin nan naka, nawa ne kuma na tsoron a ce wanda ya yi shekaru yana kiran mutane mahauta shi ma ya ɗauki samfefa? Na biyun ka ajiye shi gefe, bai kai a rasa ɗan'uwa a kansa ba.

Yayanka ma yana da tasa gaskiyar. Bindigar tasa ce. Ya kuma buɗe maka ƙofar da ya rufe tun yana yaro, kai kuwa ka amsa masa da zancen tarihi. Ina jin wannan ya fi ƙin gogewar yi masa ciwo.

Ga shawarata. Ba a shiga asibiti da bindiga, amma katako katako ne. Kwance ƙotar ka tafi da ita a makon nan, da samfefa a aljihu. Kada ka tsaya buga waya. Ka ɗora masa a cinya ka ce, Yaya, ban san mutumin da ka sani ba, faɗa mini. Sannan ka yi shiru, ko da abin da za ka ji zai ɓata maka Baban da kake riƙe da shi. In ya gama, ka gaya masa a fili kana da wata ƙota, za a iya ba Iiris bindiga mai tsabta, tsohuwar ta zauna wurinka. Wataƙila ya yarda. In ya ƙi, ka roƙi izinin ɗaukar hoto. In wannan ma ya ƙi, to ka goge, a gabansa, ka yi aikin da kyau kamar yadda ka iya.

Za ka yi baƙin ciki, ba zan ɓoye maka ba. Amma yanzu tarihin da kake tsoron ya ɓace ba a jikin katako yake ba, yana bakin mutum ɗaya, kuma shi ne bai da lokaci. Ka je ka ji.

Allah ya ba Aulis sauƙi, ya ba ka ƙarfin zuciya. Ka gaishe mini da Sirkka, ta faɗa maka gaskiya.

Helvi