Baba, sun mai da ukuna takwas

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga ubanta, ina sanar da kai cewa Mama tana lafiya, gidanmu na Herwagana yana nan yadda ka bar shi shekara biyu da suka wuce. Na gama jami'a, na sami aiki. Wata uku suka ba ni na gwaji, saura kwana goma sha ɗaya su cika. Raina a ɓace yake, kuma kai kaɗai na san za ka gane dalili.

Bari in yi maka bayanin aikin. Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da wata ma'ajiya da ke riƙe tarihin aikinsu: wa ya canja me, yaushe. Yanzu ba mutane kaɗai ke shiga ma'ajiyar ba. Akwai manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ake saki su yi aikin da kansu, kuma littafin umarnin ma'ajiyar suke karantawa su bi. Ni aikina in duba littafin, in gwada shi, in ba shi maki cikin goma.

A makon jiya aka ba ni wani littafi. A shafi na huɗu an rubuta cewa wani umarni yana mayar da aikinka yadda yake a da. Iyakar abin da aka ce ke nan. Ba a faɗi cewa mayarwar tana goge duk abin da ba a riga an shigar cikin tarihi ba, gogewar da babu dawowa. Na gwada sau biyar a kan kwafin aiki. Sau huɗu manhajar ta bi umarnin ta share fayilolin, sannan ta rubuto mini cikin fara'a cewa komai ya daidaita.

Na ba littafin uku. Na rubuta dalili, da lambar shafi, da sakamakon kowane gwaji.

Ka tuna teburinka a ƙarƙashin dalbejiya kusa da kotu, da tafiretarka? Ina zaune a gefe ina jera maka takardun kabon, wani dattijo ya zo ya ce a buga masa cewa ya ba ƙaninsa gona. Ka ɗauke yatsunka daga kan na'urar. Ba ka buga ko harafi ɗaya ba sai da ya faɗi ko aro ne ko kyauta. Da ya yi fushi ya ce ai kowa a garinsu ya sani, sai ka ce masa: “Takarda ba 'yar garinku ba ce.”

Irin maganar dattijon nan manajanmu ya yi mini da ya ga rahotona, Baba. Wai kowane mai rubuta manhaja ya san umarnin yana gogewa. To, na ji. Amma wanda ke karanta littafin nan ba ya cikin “kowa”. Ba ya juyowa ya tambayi na kusa da shi. Abin da ya gani a rubuce shi yake yi, da gudu, a kan aikin wani bawan Allah da ya yarda da shi. Manaja ya ƙara da cewa masu ma'ajiyar su ne suka ba kamfaninmu kwangilar duba littafin, kuma ni yarinya ce, zan koya.

Jiya Laraba na buɗe rahotona na tarar da takwas. An cire sakin layin gwaje-gwajen gaba ɗaya. Sunana kuwa yana nan a ƙasa, Rifkatu, wadda ta duba. Da manaja ya ce bai yarda da ni ba ya sa hannunsa, da ban ce komai ba. Amma ya ari sunana ya yi ƙarya da shi!

Abin da ya manta shi ne, rahotanninmu ma a irin wannan ma'ajiya muke ajiye su. Na duba tarihi. Ga sunansa, ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu na rana.

Ka san ni da tsoro. Sau uku nake duba kwaɗo kafin in bar gida. Jiya a Keke Napep daga ofis har Herwagana ina ta tunanin fuskar Mama ranar da na kawo mata takardar ɗaukar aiki ta ɗaga ta sama tana guɗa.

Yau da safe na mayar da ukuna. Na dawo da sakin layin da ya cire. A gurbin da ake rubuta dalilin canji na sa: “Wannan ne abin da na gwada na gani. Mai son takwas ya sa sunansa.” Duk ma'aikatan ofis suna iya gani, har da shugabar da ke sama da shi. Ya aiko a ce mini in same shi gobe ƙarfe goma.

Ban gaya wa Mama ba tukuna. Na goge rigata mai ruwan toka, na buga sakamakon gwajin kwafi biyu. Ina kewarka, Baba. Da kana nan da ka raka ni har bakin titi.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa. Ni kuma ya riƙe mini muryata gobe, kada ta karye kafin in gama karanta masa shafi na huɗu. Amin.

'Yarka,
Rifkatu